Motar Lantarki A Ojoo: Taransifomar Unguwa Ce Za Ta Yanke Hukunci

Duk matafiyin da ya taɓa bin mota daga Arewa zuwa Ikko ta hanyar Ilori ya san Ojoo, ko da kuwa bai riƙe sunan wurin ba. Nan ce ƙofar birnin Badun ta arewa, inda hanyar Oyo ta haɗu da babban titin nan na Ikko zuwa Badun wanda aka buɗe a shekarar 1978, kuma a nan ne tireloli da tankokin mai da motocin shanu da na albasa suke yada zango kafin su ƙarasa. Kasuwar Sasa tana nan kusa, Kara ta Akinyele tana gaba kaɗan, tashar jirgin ƙasa ta Moniya ma ba ta da nisa. Hausawan da suke zaune a wannan yanki, da 'yan'uwansu na tsohuwar unguwar Sabo da ke Mokola, da yawa daga cikinsu abincinsu a kan taya yake. Wani direba ne, wani ɗan kamasho, wani ɗan acaɓa, wani mai Keke Napep, wani dillalin kayan da mota ta sauke, wani kuwa mai shayi ne da yake jiran waɗannan duka su zo su zauna a bencinsa. Saboda haka duk ranar da aka tayar da maganar sauya abin da yake tura mota, daga fetur zuwa lantarki, to, maganar tuwon mutanen Ojoo ake yi, ko an gayyace su wurin taron ko ba a gayyace su ba.

Maganar kuwa ta tashi daga labarin ƙasashen Turai ta zama ta gida tun ranar 29 ga watan Mayu na 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta kai wajen Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma sai da ta taɓa Naira 1,000 a gidajen mai da dama. Tun daga nan kowane mai abin hawa ya shiga neman mafita. Gwamnatin Tarayya ta fi ba da ƙarfi wajen iskar gas, amma a watan Oktoba na 2024 ta sa motocin lantarki cikin kayan da aka ɗauke wa harajin VAT. Tun kafin wannan ma, a watan Nuwamba na 2020, kamfanin Stallion ya nuna wa jama'a Hyundai Kona mai aiki da batir wadda aka harhaɗa a Ikko. A 2023 Jihar Legas ta gwada manyan motocin safa masu lantarki, Jihar Borno kuma ta zuba nata motocin haya a Maiduguri, garin da Mustapha Gajibo ya riga ya yi suna wajen cire wa ƙananan bas-bas inji yana sa musu batir. A duniya kuwa an sayar da motoci masu jona wuta fiye da miliyan 17 a shekarar 2024 kaɗai, fiye da rabinsu a ƙasar Sin. Abin da Sin ta ƙera da yawa ba ya daɗewa bai bayyana a tashar jiragen ruwa ta Apapa ba, abin da ya sauka Apapa kuwa, wani sashensa ta Ojoo yake ratsawa ya tafi Arewa.

Kafin a shiga lissafi ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin motocin, domin akan cakuɗa su wuri ɗaya. Akwai irin su Toyota Prius ta asali, wadda take da ɗan batir a ciki amma injinta ne yake cika shi, ba ruwanta da soket. Akwai mai batir zalla, wadda ba ta da tankin mai ko kaɗan. Sai kuma ta tsakiya, wadda za a iya kira 'yar ruwa biyu: tana da batirin da ake jonawa a bango ya kai ta tafiyar kilomita 40 zuwa 80, idan ya ƙare kuma injin fetur ya karɓa. Ɗaya daga cikin na farko a wannan iri ita ce Chevrolet Volt, wadda ta shiga kasuwar Amurka a ƙarshen 2010, kuma ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya shahara da zana siffarta lokacin da yake aiki a kamfanin General Motors. Shi ne daga baya ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, watau NADDC, daga 2017 zuwa 2023, kuma a zamaninsa aka buɗe wurin cajin mota a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, aka yi irinsa a Jami'ar Legas da ta Nsukka. Dukkansu da hasken rana aka shirya su yi aiki. Wannan kaɗai ya isa abin lura: hukumar gwamnati ce, amma da ta tashi nuna wa jama'a yadda ake cajin mota, ba ta yarda ta dogara ga wutar da ake rabawa kowa ba.

Lissafin kuɗin, idan a takarda ne, yana da daɗin ji. Yunit ɗaya, watau abin da mitar gida take ƙirgawa, shi ne wutar da na'ura mai cin kilowat 1, kamar dutsen guga na lantarki, za ta sha cikin awa ɗaya. Babban batirin Kona yana ɗaukar yunit 64, motar kuma tana cin wajen yunit 16 a tafiyar kilomita 100. A watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ga masu rukunin A zuwa Naira 225, daga baya a cikin shekarar ya sauko ya tsaya wajen Naira 209. Ko da wannan farashi mafi tsada aka yi lissafi, tafiyar kilomita 100 ba ta kai Naira 4,000 ba. Motar fetur mai irin wannan girma kuwa za ta sha lita 8 ko fiye, watau wajen Naira 8,000 a farashin ƙarshen 2024. Direban da yake zirga-zirga tsakanin Ojoo da Ikko, tafiyar wajen kilomita 130, ba ya bukatar malamin lissafi ya gaya masa abin da wannan rata za ta zama a ƙarshen wata. Ga shi kuma babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu salansa.

To, amma duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya, watau a ce akwai wutar. Tun da aka haɗa ECN da hukumar madatsun ruwan Neja aka haifi NEPA a 1972, suna ya sha sauyawa. Ta zama PHCN a 2005, a ranar 1 ga Nuwamba 2013 kuma aka fara miƙa aikin rarraba wuta ga kamfanoni 11, cikinsu har da IBEDC mai kula da Oyo da Ogun da Osun da Kwara da wasu sassan jihohin da ke maƙwabtaka da su. Abin da bai sauya sosai ba shi ne yawan wutar. Tashoshin ƙasar nan, idan an tara ƙarfinsu a rubuce, sun kai wajen megawat 13,000, amma abin da yake isa ga jama'a yawanci tsakanin 4,000 ne da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Ranar 4 ga Maris 2025 da aka kai megawat 5,801, sai da aka yi sanarwa ta musamman cewa ba a taɓa kaiwa nan ba. Afirka ta Kudu, wadda jama'arta ba su kai sulusin na Nijeriya ba, tana samar da ninkin wannan sau biyar ko fiye. A cikin 2024 babban layin wuta na ƙasa ya durƙushe fiye da sau 10, kuma mutanen Arewa ba su manta da watan Oktoba na wannan shekara ba, lokacin da jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya rage kuma ya samu matsala.

Duk da haka, wanda ya ce motocin lantarki za su shanye wutar ƙasar nan bai yi lissafi ba. A ɗauka an sami mota 100,000, kowace tana tafiyar kilomita 50 a wuni. Abin da za su sha gaba ɗaya yunit 800,000 ne. Layin ƙasa kuwa, ko a kan megawat 4,500 ya wuni ya kwana, yana ba da yunit fiye da miliyan 100. Rabon motocin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Inda gizo yake saƙar shi ne lokaci. Na'urar cajin da ake kafawa a gida tana jan kilowat 7. Idan waɗannan motoci 100,000 suka koma gida da magariba, kowa ya jona tasa a lokaci ɗaya, za su ja megawat 700, daidai da dukkan ƙarfin madatsar ruwa ta Zungeru, kuma a daidai sa'ar da kowane gida ya kunna fitila da fanka da talabijin.

Ƙasashen da suka yi nisa a wannan harka sun gane haka, shi ya sa suke ƙoƙarin karkatar da caji zuwa tsakar dare. A Ingila, tun ƙarshen watan Yuni na 2022, doka ta ce duk na'urar cajin gida da za a sayar sai ta zo a saite yadda za ta kauce wa sa'o'in cunkoso, kamfanoni kuma suna rage wa mai jira kuɗin yunit. Wannan dabara tana aiki ne domin Bature ya tabbata cewa da ƙarfe biyun dare wutar tana nan. A Ojoo kuwa wa zai jira? Kowa ya san abin da yake faruwa a unguwa da zarar an kawo wuta: yara su yi shewa, mai famfon rijiyar burtsatse ya kunna, mai guga ya jona, tela ya hau keke, mai walda ya fara tartsatsi, mai ƙanƙara ya rufe firjinsa, duk a cikin minti biyar, domin babu wanda ya san lokacin da za a sake ɗauke ta. Ƙarancin wutar ne da kansa yake tilasta wa jama'a su yi mata rubdugu. Mai motar lantarki ba zai fita daban ba. Da an kawo zai jona, kuma nasa jan ya fi na kowa nauyi da daɗewa.

A nan ne magana take saukowa daga Zungeru da Kainji ta dawo kan wannan akwatin ƙarfe da yake tsaye a bakin layi, kewaye da waya da 'yan tireda. Taransifomar unguwa yawanci mai lamba 300 ce ko 500, kuma mai 500 ɗin abin da za ta iya ɗauka ba tare da wahala ba wajen kilowat 400 ne. Gidan talaka mai 'yan ƙwan fitila da fanka da talabijin da ƙaramin firji ba ya cika jan kilowat 1. Ke nan mota guda a kan caji ta ɗauki rabon gida bakwai ko fiye, kuma ba na minti goma ba, na awa tara ko goma idan batirin Kona ne aka tashi cikawa daga ƙasa. Mota goma a layi ɗaya kilowat 70 ke nan. Na'urar caji mai sauri, irin wadda take cika yawancin batir cikin wajen awa guda, ita kaɗai tana jan kilowat 50 ko fiye. Da a ce taransifomomin suna da sauran numfashi da abin ya zo da sauƙi, amma da yawa daga cikinsu an kafa su ne tun unguwar tana rabin girmanta na yau. Man da yake cikinta yana bukatar ya huce da dare bayan zafin yamma. Idan aka hana shi hucewa dare bayan dare, sai rufin wayoyin ciki ya fara lalacewa, wutar ta riƙa zuwa ja-ja-ja ba ta iya juya fanka, fis ya riƙa tsinkewa, wata rana kuma a ji ƙara. Abin da yake biyo baya ba sai an faɗa wa kowa ba a ƙasar nan: makonni cikin duhu, da takardar karo-karo tana zagaya gida-gida, alhali hukumar NERC ta sha nanata cewa gyara ko sauya taransifoma nauyin kamfani ne, ba na masu biyan kuɗin wuta ba.

Wanda ya fi shan wahala a irin wannan hali ba shi ne mai motar ba. Mai motar da ya iya sayen abin hawa na miliyoyin Naira yana da janareto. Mai injin niƙa ne, da tela, da mai aski, da matar da take sayar da zoɓo da kunun aya mai sanyi, su ne jarinsu yake narkewa.

Akwai kuma maganar gidan haya, wadda masu tsara manufofi a Abuja ba su cika tunawa da ita ba. A Turai masu mota da yawa suna da garejinsu da mitarsu. A Sabo da Ojoo gida ɗaya yakan ƙunshi ɗakuna goma ko ashirin, kowane da iyalinsa, mita guda ce idan ma akwai, kuma kusan rabin masu amfani da wuta a ƙasar nan ba su da mita, kuɗin ƙiyasi ake rubuto musu. A irin wannan gida ana raba bil ne bisa yawan ɗaki ko yawan kayan wuta, kuma ana yin cacar baki a kan hita ɗaya ta dafa ruwa. To, ina ga ranar da wani ya zaro waya ta taga ya jona mota ko Keke, abin da zai sha a dare ɗaya ya fi abin da maƙwabcinsa yake sha a mako? Bugu da ƙari, soket ɗin bango na amfiya 13 ba ya ba da fiye da kilowat 3, saboda haka cika batirin Kona da shi sai ya ci fiye da wuni da kwana. Tsohuwar waya siririya, wadda ba a yi mata hanyar sauke wuta ƙasa ba, idan ta yi awa ashirin tana ɗauke da iyakar nauyinta, ɗumi take yi, ɗumin waya kuwa a unguwa mai cunkoso ko a kasuwar da aka yi da katako da kwano shi ne mafarin gobara. Kuma bai kamata a ɗauki rigimar maƙwabta da wasa ba a wurin da ƙabilu suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairu na 2021, wanda ya jawo asarar rayuka da ƙone shaguna, da ƙaramar gardama ya fara.

Wani zai ce ai sai a yi caji da janareto. Wannan shi ne an gudu ba a tsira ba. Ƙaramin janareto mai fetur, a kyakkyawan ƙiyasi, ba ya ba da yunit 2 cikakku daga lita ɗaya. Kafin a tara yunit 16 na tafiyar kilomita 100 an ƙona lita 9 ko 10, watau fiye da abin da motar fetur za ta sha da an zuba mata kai tsaye, ga hayaƙin kuma a tsakar gida maimakon kan titi. Ɗan ƙaramin nan da ake yi wa laƙabi da na fi maƙwabcina kuwa, ko kilowat 1 bai cika ba, ba zai ma fara ba.

Tsarin rukuni-rukuni da ake bi wajen raba wuta shi ma yana da nasa tasiri. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a wuni, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuwa awa 4. Duk ɗan kasuwar da zai zuba kuɗi ya kafa wurin caji zai bi layin A ne, inda otal-otal da manyan kantuna da gidajen masu hali suke. Idan aka bar abin ya tafi yadda ya ga dama, arhar tafiya da lantarki za ta zama ta waɗanda tsadar fetur ba ta dame su ba tun farko, ɗan acaɓa kuma ya ci gaba da bin layin gidan mai.

'Yar ruwa biyu ce mutane da yawa suke gani ta fi dacewa da ƙasa irin wannan, kuma suna da hujja. Batirinta yunit 10 ne zuwa 20, soket na gari zai iya cika shi cikin dare ɗaya, ranar da babu wuta kuma ba ta barin mai ita a hanya. Sai dai tana da nata makirci. A watan Maris na 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoton da ya nuna cewa irin waɗannan motoci da aka yi wa rajista a 2021 suna fitar da hayaƙi ninki uku da rabi na abin da aka rubuta a takardarsu, babban dalili kuwa shi ne masu su ba sa jona su yadda aka zata. Wannan a ƙasashen da ba a ɗauke wuta ke nan. Motar da ba a caja ba ta koma motar fetur mai ɗauke da dakon batir, tana da inji biyu da za su iya lalacewa, kuma makanikan da suka san ciki da wajenta ba su da yawa. Mai sayen ta hannu ya kuma tuna cewa batir yana tsufa kamar yadda inji yake tsufa, kuma ba a gane lafiyarsa da buɗe bonet a saurari ƙara.

Doguwar hanya kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba tukuna. Daga Ojoo zuwa Kano ya wuce kilomita 800, ta Oyo da Ogbomoso da Ilori da Jebba da Mokwa. Direba yakan tsallaka Neja a Jebba, kusa da madatsar ruwan nan mai ƙarfin fiye da megawat 500, amma wannan bai sa ya sami inda zai jona tirela ba. Shanu da tumatir ba sa jiran caji. Dizal da iskar gas za su daɗe suna riƙe da wannan hanya.

Inda lissafi yake fita sosai shi ne ƙananan ababan hawa. Batirin babur mai lantarki yunit 3 ne zuwa 4, yana kuma kai mutum tafiyar kilomita 70 ko fiye. Ɗan acaɓan da yake shan lita 3 ko 4 a wuni ya san cewa mai ne yake cinye kaso mafi tsoka na abin da ya samu. Kuma babur ba sai an ajiye shi ya kwana a kan caji ba, domin akwai tsarin musayar batir: mahayi ya zo ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya biya, ya wuce cikin 'yan mintoci, kamar mai sauya tukunyar gas. Kamfanin Spiro yana yin haka a Benin da Togo da Ruwanda da Uganda, ya kuma shigo Jihar Ogun, maƙwabciyar Oyo, a 2024. Amfanin wannan tsari ga layin wuta a bayyane yake. Batiran suna wuri ɗaya, ana iya cika su a hankali duk lokacin da wuta ta samu, ba lalle sai da magariba ba, wurin kuma zai iya samun tasa taransifoma da tasa mita, ba tare da ya hau kan ta unguwa ba. Hasken rana ma a nan yake da ma'ana. Farantan sola masu ƙarfin kilowat 1 suna ba da wajen yunit 4 a wuni a yankin Badun, a Sakkwato kuwa fiye da haka. Cika Kona guda a wuni ɗaya sai an shimfiɗa manyan faranta kusan 30. Batirin babur kuwa faranti biyu sun ishe shi. Rumfar tasha ɗaya da aka rufa da sola za ta iya ciyar da babura da yawa.

Irin wannan hidima ba baƙuwa ba ce ga Hausawan Badun. An kafa Sabo a 1916, 'yan shekaru bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, kuma masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969, ya nuna cewa ƙarfin Sabo a cinikin shanu da goro ya ta'allaƙa ne ga masu gida, watau fatomai. Su ne suke ba baƙo masauki, su ajiye masa kaya da kuɗi, su haɗa shi da dillali, su tsaya masa idan an ba da bashi. Ba su ne suka ƙera jirgin ƙasa ko gingimari ba, amma su ne suka shirya abin da matafiyi yake bukata idan ya sauka. Jikokinsu ma sun yi irin wannan da wayar hannu ta shigo a 2001 ba tare da ta jira wuta ta gyaru ba: nan da nan aka ga rumfunan masu cajin waya a kowace tasha, da ɗan janareto da allon soket-soket da lamba a manne a jikin kowace waya. Wurin musayar batir ɗan'uwan wannan rumfa ne, sai dai jarinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, haɗarinsa kuma ya fi a yi shi da ka. Batirin litiyam idan ya kama da wuta ba ya mutuwa da bokitin ruwa ɗaya, saboda haka ba abin tarawa ba ne a shagon katako kusa da jarkokin 'yan bumburutu.

Abin da ya sauya kwanan nan, wanda ya kamata shugabannin al'umma su riƙe, shi ne ikon ya matso kusa. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, kuma a watan Agusta na 2024 NERC ta ba da umarnin miƙa kula da harkar a Jihar Oyo ga hukumar jihar. A ƙarshen wannan shekara gwamnatin Seyi Makinde ta buɗe kashin farko, mai megawat 5, na tashar wutar da aka gina domin sakatariya da wasu gine-ginen gwamnati. Tashoshin mota ma tun 2020 jihar ta karɓi tafiyar da su, ita ce kuma ta gina sabuwar tashar bas ta Ojoo. Watau wanda zai ce ga inda za a kafa wurin caji, da wanda zai ba da fili, da wanda zai yanke nawa mai wurin zai sayar da yunit, da wanda zai tilasta a duba ƙarfin taransifoma kafin a manna wa gida na'urar kilowat 7, duk yanzu a Agodi suke, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Sasa.

Sarakunan Hausawa na Sabo da Sasa da Ojoo, da shugabannin 'yan acaɓa da masu Keke, suna da abin da kamfanin da zai zo daga Ikko ko ƙasar waje ba shi da shi. Sun san yawan mahaya, sun san inda suke tsayawa da sa'ar da suke tashi, sun san wanda za a iya tsaya wa a ba shi babur bashi. Da wannan za su iya neman a kafa wuraren musayar batir a tashar Ojoo da bakin kasuwar Sasa da Kara, kowane da layinsa daban da na gidajen jama'a, su kuma nemi a ware wa matasansu gurbin koyon gyara, domin makanikin babur da mai sayar da fulogi da baƙin mai su ne aikinsu zai fara raguwa. Akwai kuma sharaɗin da ya kamata a karanta da kyau kafin kowa ya sa hannu. A tsarin musaya yawanci batirin na kamfani ne, ba na mahayi ba, kuma batirin wani kamfani ba ya shiga babur ɗin wani. Mahayin da ya gudu daga mai gidan mai zai iya wayar gari a hannun kamfani guda wanda shi kaɗai yake yanke farashi, idan kuma kamfanin ya naɗe tabarmarsa ya bar gari, babur ɗin da aka gama biyan kuɗinsa ya zama ƙarfen da za a jingine a zaure.